Daminar da Na Yi Jinyar Akawali

Ruwan bana ya sauka da wuri. Tun ba a gama sharar gonaki ba aka yi na farko, yau kuma kwana uku ke nan rana ba ta leƙo ba. Ɗazu ina zaune a baranda, nan gidan ɗana a Akurba, gefen garin Lafiya, sai wani mutum ya wuce ta layinmu yana jan doki, irin wanda ake haya ranar biki a hau a ɗauki hoto. Dokin yana ɗingishi da ƙafar gaba, ƙudaje na bin wani gyambo a gadon bayansa. Na ɗaga murya na ce masa ya duba cikin kofaton, kuma ya daina ɗaure shi a taɓo. Ya waiwayo ya ga tsohuwa ce, ya ce, "To, Mama," ya wuce abinsa.

Jikata tana gefe tana tsintar shinkafa. Ta yi dariya ta ce, "Kaka, ke kuma me kika sani a kan doki?"

Ban ba ta amsa ba, don amsar tana da tsawo, ita kuma tukunyarta na kan wuta.

Shekarar da nake nufi ina da kamar ashirin da haihuwa. Cikin shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba, kuma azumi ya faɗo a farkon damina. Lafiya a lokacin ba wani babban gari ba ce. Ɗakunan jinka ne da shingen zana, idan ka tsaya a bayan gidanmu kana hango daji. Shekara biyu da aurena, Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. Maigidana, Malam Haruna, mutumin ƙasar Katsina ne, fatauci ya kawo shi. Yana bin ƙauyuka yana sayen riɗi, ya je Keana ya saro gishiri. Duk yawon nan a kan dokinsa yake yi, wani baƙi ƙirin da muke kira Akawali, wanda ya taho da shi daga gida. Doki ba ya daɗewa a ƙasarmu saboda tsando, ƙudan nan na bakin rafi da ke sa wa dabba ciwon sammore ta rame ta mutu. Amma Akawali ya ci damina huɗu a Lafiya, kowa kuma ya san kulawar Malam ce ta kai shi.

Da bazara ni na fara ganin tabon a bayan Malam, wani fari-fari kamar faɗin tafin hannu. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi. Bayan 'yan makonni ya ɗauki murfin tukunya daga wuta, yatsunsa biyu suka ƙone bai ji ba, sai ni na ga sun tashi. Shi ya fara kiran sunan ciwon da bakinsa. Ya ce ya ji akwai asibitin kutare na 'yan mishan can tsallaken Binuwai, an kawo sabon magani, ana warkewa idan an je da wuri. Saura kwana biyar a ga watan azumi ya ɗaure kayansa.

Ranar tafiyar bai yi mini doguwar magana a kan kaina ba. Ina jin ya san idan ya fara ba zai iya ƙarasawa ba. Sai ya ja ni barga, 'yar rumfar da Akawali ke kwana, ya dafa wuyan dokin.

Ya ce, "Habi, kada ki ba shi ɗanyar ciyawa da raɓa a jikinta. Ki shanya ta ta yi yaushi. Kada ki bar ƙafarsa a danshi. Rafi kuwa, kome ƙishin da yake ji, kada ki kai shi. Ki kawo masa ruwan gida. Idan abu ya fi ƙarfinki ki nemi Baba Ari."

Na ce, "Yaushe za ka dawo, Malam?"

"Sun ce maganin yana cin lokaci." Ya dubi ƙafafunsa. "In na dawo, wataƙila ƙafar ba za ta iya yawo kamar da ba. Shi zai zame mini ƙafa."

Ban raka shi tashar jirgi ba, ya hana ni. Ya ce ba ya son a riƙa kallona.

An kalle ni duk da haka. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni daga unguwa. A hankali abin ya zo. Matan da ke shigowa tsakar gidanmu daka suka koma wani turmi. Wadda ke yi mini kitso ta ce hannunta na ciwo. Ba mu da rijiya, a maƙwabta nake ɗiban ruwa, sai wata safiya matar gidan ta tare ni a bakin zaure, ba ta iya haɗa ido da ni ba, ta ce maigidanta ya ce in riƙa zuwa da gugana. Na zo da gugana. Bayan kwana biyu na tarar an rufe rijiyar da faifan katako an ɗora dutse. Ban ƙara komawa ba. Na jera randuna da tuluna a ƙarƙashin jinka ina tarar ruwan sama, ja-ja da shi mai warin ciyawa, idan ya ƙare in ɗauki tulu in sauka rafin Amba. Ni kaɗai tulu ɗaya ya ishe ni. Akawali kuwa yana shanye huɗu a yini.

Iyayena sun riga sun rasu. Yayana Tanko, maƙeri ne a bakin kasuwa, shi ya zo a kwana na uku na azumi. Ya tsaya daga ƙofa bai zauna ba.

Ya ce, "Ki tattara ki dawo gidana. Alƙali zai raba auren nan ba tare da wata wahala ba. Dokin a nemi mai saye tun yana da ƙiba."

Na ce, "Yaya, amana aka bar mini."

"Ina kika taɓa ganin mace da kiwon doki?"

"Za a gani a kaina."

Ba mugun mutum ba ne, tsoro yake ji mini. Ya ajiye ƙullin gero a bakin ƙofa ya tafi. Bai sake dawowa ba sai bayan wata biyu.

Haka kwanakin suka miƙe. Bayan sallar asuba in kwashe kashin doki, in share bargar, in zuba busasshen yashi da toka. In hura wuta a kasko in ɗora ɗanyen ganye, hayaƙi ya cika rumfar ya kori ƙudaje. In jiƙa dusa da 'yar kanwa in ba shi. Daga nan in ɗauki lauje in fita bayan gari yankan ciyawa, in dawo da dami a kai, zanina sharkaf da raɓa har ƙugu. Gonar Malam ta kan hanyar Kwandere na bar ta. Kowace shekara gayya yake kira a tayar masa da kunyoyin doya a yini ɗaya, da kiɗa da kunu, bana kuwa na san ko na kira ba mai zuwa. Na tsaya a kan 'yar gonar bayan gida, masara da kuɓewa da gyaɗa, gyaɗar ma don in sami harawar da zan ba shi da kaka.

Zafin azumin nan ban taɓa mantawa da shi ba. Hadari ya haɗu tun hantsi ya ƙi zubarwa, iska ta tsaya cak, gumi na bin baya kamar ana zuba maka ruwan ɗumi. Da la'asar in zauna in bi jikin Akawali ina cire kaska, cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin cinyoyi, ina jefa su a garwashi suna fashewa. A nan na fara yi masa magana. Da farko "matsa" ne da "ɗaga ƙafa". Daga baya na koma ba shi labarin wanda na gani a hanya, da abin da zan dafa, da mafarkin da na yi. Akwai ranar da na lura tun wayewar gari har shan ruwa ban yi magana da ɗan Adam ba, kuma kwana na huɗu ke nan a jere.

Ranar sha bakwai ga azumi na yi kuskuren farko. Na dawo a gajiye, kaina na sarawa, ga hadari ya taso. Na ce idan na shanya ciyawar ruwa zai dake ta, sai na zube masa ita ɗanya, sabuwar tsiro mai laushi. Ya cinye tas. Kafin la'asar na ji yana bugun ƙasa. Na tarar da shi ya jiƙe da gumi, yana waiwayar cikinsa yana kai masa shuri, cikin ya kumbura kamar ganga. Ya durƙusa zai kwanta, ya miƙe, ya sake durƙusawa.

Na fita da gudu ko mayafi ban ɗauka ba. Baba Ari tsoho ne da ya yi rayuwarsa yana kiwon dawakin masu hali, yanzu ido ya yi rauni, yana zaune a gidan 'yarsa a ƙarshen unguwa. Ban san ko zai yarda ya taka gidanmu ba. Na durƙusa na gaya masa. Ya ce, "Miƙo mini sandata."

Da muka iso ya kara kunnensa a cikin dokin ya saurara.

Ya ce, "Ɗanyar ciyawa kika ba shi."

"E, Baba."

"To. Kama ragamar, ki yi ta zagaya tsakar gida da shi. Kada ki bari ya kwanta. In ya yi birgima hanjinsa zai murɗe, daga nan ba sauran magani."

Ya sa na kawo man gyaɗa da jiƙaƙƙiyar kanwa, ya haɗa a kwalba, ya ɗaga kan dokin ya ɗura masa ta gefen baki a hankali. Ruwan sama ya ɓarke. Na yi ta zagaye cikin ruwan, ina jansa yana turjewa, ƙafafuna na nutsewa a taɓo, maƙogwarona a bushe ga ruwa na bin fuskata. Baba Ari yana zaune a bakin barga yana cewa, "Ci gaba, 'yata." Ana gab da kiran magariba Akawali ya tsaya, ya saki iska mai ƙara, sannan ya yi kashi. Tsohon ya yi dariya har haƙoransa biyu suka bayyana.

Na kawo masa kunu a sabuwar ƙwarya wadda ba a taɓa sha da ita ba, don kada ya ji ƙyama. Ya shafa ta ya ji sabuwa ce.

Ya ce, "Wannan ta baƙi ce. Ba ni wadda Haruna ke sha da ita. Na wuce shekarun gudun ciwo."

Daga ranar yakan zo duk bayan kwana huɗu ko biyar, idan ƙafarsa ta bar shi. Shi ya koya mini buɗe bakin doki in duba dasashi, in ja fatar ido in ga ko akwai jini. Ya nuna mini yadda ake tafasa sassaƙen maɗaci a ba shi saboda tsutsar ciki, da yadda ake ɗaga kofato a tsakanin gwiwoyi a ƙwaƙule shi da tsinke. Ba mai yawan magana ba ne. Yakan zauna ya saurari yadda dokin ke tauna, ya ce lafiya lau, ya tashi.

Ranar Sallah na yi tuwon shinkafa da miyar taushe kamar yadda na saba, na zuba a kwanuka uku na kai maƙwabta da kaina. Aka karɓa aka yi godiya. Da yamma na tarar da kwanukan a bakin ƙofata a rufe, yadda na kai su. Na kwashe na shiga da su. Ina jin kiɗa daga cikin gari. Na wanke Akawali, na taje masa geza, na shafa masa man kaɗanya a kofato, na zauna kusa da shi na ci abin da zan iya ci.

Bayan Sallah ruwa ya kankama, yunwa ta biyo shi. Sabon abinci bai nuna ba, tsohon ya kusa ƙarewa. Dawar da Malam ya bari a rumbu ta sauka har sai na shiga da rabin jikina kafin in taɓo ta. Doki ba ya rayuwa da ciyawa kaɗai, sai da ɗan hatsi. Na koma auna tafi biyu, ɗaya nasa, ɗaya nawa, in cika cikina da tafasa da rama da ɗan rogo. Jinkar bargar ta fara yoyo, ƙasa ta ƙi bushewa. Wata safiya na ɗaga ƙafarsa ta baya na ji wari kamar ruɓaɓɓen kifi, tsakiyar kofaton ya yi baƙi ya yi laushi. Na wanke shi da ruwan gishiri mai ɗumi, na cusa toka, sannan na kwashe kayan ɗakin Malam na shigar da dokin ciki, don nan ne kaɗai busasshen wuri a gidan. Sai da na rushe gefen ƙofar da fartanya kafin ya iya shiga. Kwana goma sha biyu ina wanke ƙafar safe da yamma har warin ya tafi.

Wasiƙa ɗaya ta zo daga Malam a duk tsawon daminar, da ajami, wani ma'aikacin jirgi ya kawo. Baba Ari ba ya gani, ni ban iya karatu ba. Na ajiye ta cikin kwalla kwana tara kafin na sami wani malami a kasuwa da ya yarda ya karanta mini, ni na riƙe takardar shi yana leƙowa. Malam ya ce yana shan magani, yana gaishe ni, yaya Akawali.

Sai ruwa ya ɗauke, kamar yadda yakan yi a tsakiyar damina. Sama da kwana goma ba ɗigo. Randuna suka bushe, na koma sauka rafi sau biyar a yini. A nan zazzaɓi ya kama ni. Kwana biyu ina kwance ina rawar sanyi, ina jin dokin yana buga komin ruwansa da ƙafa. Baba Ari bai zo ba, ashe shi ma yana kwance. A rana ta uku na lallaɓa na ɗauki tulu na isa rafi, na cika shi, na kasa ɗaga shi daga ƙasa. Akwai mata a wurin suna wanki. Na dube su, suka dubi wankinsu. Na bar tulun a nan na dawo gida.

Na tarar da Akawali ya sunkuyar da kai, idanunsa sun faɗa. Na ja fatar wuyansa na saki, ta tsaya ba ta koma ba. Maganar Malam tana kunnena, ban manta ba. Na kwance shi na ja shi zuwa rafi, ina jingina da kafaɗarsa. Ya sa baki ya yi ta sha kamar ba zai ɗago ba. Ina tsaye da reshen ganye ina kaɗa masa, amma ina ganin tsando suna sauka a cikinsa da ƙafafunsa, masu fikafikai a haɗe kamar almakashi. Kwana uku ina kai shi, har na sami ƙarfin ɗaukar tulu.

Na yi ta addu'a, ina duba shi safe da yamma. Mako biyu ba abin da ya faru, har na fara sakin jiki. A na uku jikinsa ya yi zafi, ya sauka, ya sake hawa. Idanunsa suka fara zubar da hawaye. Yana ci kamar kullum amma haƙarƙarinsa na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin cikinsa ya kumbura, idan na danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Baba Ari ya zo ya shafa shi tun daga wuya har gindin wutsiya, ya sa na gaya masa launin dasashin.

Na ce, "Fari ne, Baba."

Ya ce, "Ya je rafi?"

"Ni na kai shi."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Sammore ne. Maɗaci ba ya yi masa kome. A zamaninmu sai dai a zuba ido. Amma na ji malamin dabbobi na hukumar En'e yana da allura. Ki je ki gwada."

Ofishin ɗaki ɗaya ne kusa da kara, kasuwar shanu. Na tarar da shi a kulle, aka ce malamin ya fita rangadi rugagen Fulani. Kullum in na gama yankan ciyawa sai in je in zauna a gindin bishiyar da ke gaban ofishin. Kwana takwas ina zuwa. A gida kuwa Akawali ya fara tangaɗi da ƙafafun baya, idan ya kwanta sai na sa kafaɗa na taimaka masa ya miƙe. A rana ta tara na ga keke a jingine a bango.

Malamin Batibi ne, gajere, da gajeren wando da jakar fata. Hausarsa irin ta kasuwa ce. Ya ce, "Kai ne matan mai doki?" Na ce ni ce. Na gaya masa gaskiyar gidan da zai shiga, don kada ya ji daga baya. Ya ɗaga kafaɗa ya turo kekensa muka tafi.

Ya tsaga kunnen dokin kaɗan ya shafa jinin a ɗan gilashi ya nannaɗe. Ya ce ba sai ya jira sakamako ba, idonsa ya gaya masa. Ya dafa allurarsa a tukunyata, ya soka masa a wuya. Akawali ya yi rawar jiki, gumi ya keto masa, na ɗauka mutuwa zai yi. Malamin ya ce haka maganin yake, in bar shi a inuwa. Ya ɗaga kofatan huɗu ya duba, ya leƙa kunnuwa, bai sami kaska ko ɗaya ba.

Ya ce, "Wa yana duba wannan doki?"

"Ni."

"Kai ya yi ƙoƙari." Ya share gumi. "Ba ni ruwa in sha."

Na tsaya ina dubansa. Ya miƙa hannu ya ɗauki moɗar da ke kan randa, ya ɗiba ya sha, ya ƙara. Ya ce ƙanen babansa ya yi irin ciwon mijina, ya je asibiti ya dawo, yanzu yana noma doyarsa. Sannan ya gaya mini abin da ban so ji ba. Ya ce allura za ta tashe shi, amma ciwon yakan ɓuya a jini ya dawo, kuma dokin da ya taɓa faɗuwa haka ba zai ƙara cin wata damina a Lafiya ba. In ana son ransa, a kai shi Arewa inda babu tsando.

Akawali ya tashi. A hankali kumburin ya saɓe, dasashin ya fara ja. Masarata ta nuna, na ci na ƙoshi karon farko cikin wata uku. Na tuge gyaɗa na shanya harawa a kan rumfa, yana ci yana kaɗa wutsiya. Ruwa ya ja baya, sararin sama ya washe. Da yamma nakan zagaya da shi bayan gida, gashinsa ya soma sheƙi, har na fara ce wa kaina wataƙila malamin dabbobi ya yi kuskure.

Baba Ari ne ya dawo da ni hanya. Ya ce akwai wani madugu da ya sani shekara talatin, zai tashi da jakunansa zuwa ƙasar Katsina da gishiri da manja, kuma ya san garin su Malam, zai iya damƙa dokin a hannun ƙanen Malam.

Na ce, "Baba, Malam ya ce shi ne ƙafarsa in ya dawo."

"In kin riƙe shi, kabarinsa za ki nuna masa."

"Ba ni da kowa a gidan nan sai shi."

Ya ce, "Na sani, 'yata."

Kwana uku ina juya maganar. Ba wanda zan yi shawara da shi, wasiƙa kuma kafin ta je ta dawo ayarin ya yi nisa. Ranar da za su tashi, da hantsi, na ba shi dusa da kanwa, na duba kofatansa, na ɗaura masa damin harawa biyu. Na ja shi da kaina har bakin gari inda jakunan suka taru. Na yi wa madugun bayani, kada a ɗora masa kaya, kada a hau shi, a rufe shi da zani idan za a ƙetare rafi. Ya ce ya ji. Na sake maimaitawa, ya sake cewa ya ji. Na miƙa masa ragamar. Akawali ya bi jakunan ba gardama, ya saba da hanya. Na tsaya har suka sha kwana.

Bayan mako biyu na sayar da kuɓewar da na busar, na hau jirgi zuwa Makurɗi, daga nan motar katako ta kai ni asibitin. Wuri ne mai tsabta, ɗakuna a jere, da gonaki. Na tarar da Malam a gindin mangwaro yana saƙar tabarma. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta washe. Ni ce ya daɗe yana kallo, wuyana da hannuwana da lauje ya farfasa.

Muka gaisa. Na kasa farawa. Shi ya ce, "Ya mutu ko?"

"Bai mutu ba. Yana Katsina, ko yana hanya."

Na ba shi labari tun daga ɗanyar ciyawa har rafi, ban ɓoye kome ba. Ban gaya masa zancen rijiya da kwanukan Sallah ba, na ce dai zazzaɓi ne ya hana ni ɗaukar tulu. Yana saurare yana murza zaren kaba a yatsunsa. Ya tambaye ni kwana nawa kumburin ya yi, da wace ƙafa ce ta ruɓe, da ko yana cin harawa sosai kafin ya tafi. Na amsa masa duka.

Ya ce, "Da ni ne, Habi, da ban iya sakinsa ba. Da na riƙe shi har ya mutu a hannuna."

Damina biyu na ƙara yi ni kaɗai a gidan kafin a sallame shi. Ya dawo da takardar shaidar warkewa, ya tako da ƙafarsa daga tasha har gida, muka zauna shekara ashirin da shida, muka haifi huɗu. Akawali ya rayu shekara bakwai a Katsina, ba mu ƙara ganinsa ba. Amma a ranar nan ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Da lokacin tafiya ya yi, Malam ya rako ni har bakin shingen asibitin, inda ba a yarda su wuce ba. Motar tana tsaye a kan hanya, fasinja sun hau. Na yi masa sallama na juya, sai ya kira ni.

Ya ce, "To yanzu da wa kike hira a gidan?"

Na tsaya ina neman suna ɗaya da zan ba shi. Baba Ari ya kwanta ciwo tun bayan tafiyar ayarin, 'yarsa ta ce ba ya gane mutane. Direba ya danna ham.

Na ce, "Akwai mutane, Malam."

Ya gyaɗa kai. Na hau mota na sami wuri a kan buhun doya. Da muka tashi na leƙa ta tsakanin katakai, yana nan tsaye riƙe da shingen, bai koma ba.